Tsohuwar wokisteshan don tace bidiyo: a duba cikinta kafin a biya kuɗi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu ɗan fili a jaridarmu mai farin jini mu amsa wata tambaya da matasa masu ɗaukar bidiyon biki da ɗaliban fim a nan Jos suke yawan yi: shin manyan kwamfutocin nan na tokumbo da kamfanonin Turai da Amurka suka gama amfani da su, waɗanda ake kira wokisteshan, sun cancanci a saye su don tace bidiyo? Amsarmu ita ce e, sun cancanta, amma ba kowace ba, kuma kuɗin da mai shago ya faɗa maka ba shi ne kuɗin da za ka kashe ba.

Abu na farko shi ne zamanin na'urar. Waɗanda suka fi yawa a kasuwa su ne HP Z420 da Z440, da Dell Precision T3610 da T5810, da Lenovo ThinkStation P500. A ido duk ɗaya suke, baƙaƙe masu nauyi. To amma Z420 ta 2012 ce, tana ɗaukar furosesa Xeon E5 na zubin farko ko na biyu da RAM irin DDR3, kuma waɗannan furosesoshi ba su da abin da ake kira AVX2, wanda manhajar tace bidiyo ta Premiere Pro ta wajabta tun daga fitowar 2024. Duk arharta, sabuwar manhajar ba za ta hau kanta ba. A fara daga Z440 ko T5810, waɗanda suka fito a 2014, suna ɗaukar Xeon E5 v3 ko v4 da DDR4.

Masu sayarwa suna son tallata yawan kwa, wato ƙananan sassan da ke raba aiki a cikin furosesa. Za a ce maka E5-2680 v4 tana da kwa 14, kuma gaskiya ne, sai dai gudunta na asali gigahaz 2.4 ne kawai. E5-1650 v4 kwa 6 take da su amma a kan 3.6. Wajen ja da baya da gaba a kan layin tacewa, da yankan fage, da ɗora rubutu, saurin kwa guda ya fi tasiri, don haka mai shida ta fi daɗin hannu. Mai sha huɗu sai wajen fitar da aiki a ƙarshe take nuna ƙarfinta. Wanda zai canza v3 zuwa v4 ya sabunta BIOS, wato manhajar da ke tayar da na'urar, tun tsohuwar furosesar tana ciki, in ba haka ba zai kunna ya ga baƙin allo.

Inda aka fi cutuwa shi ne katin hoto. Yawancinsu suna zuwa da Quadro K620 mai giga 2 ko NVS 310, katunan zanen gine-gine da aikin ofis. Manhajar tace bidiyo ta DaVinci Resolve tana dogara ne ga katin hoto, kuma ƙasa da giga 4 wahala ce zalla. Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: Xeon E5 ba ta da Quick Sync, wato sashen da ke cikin Core i5 da i7 na yau da kullum mai warware bidiyon da aka matse a tsarin H.264 da H.265. Bidiyon waya da na jirgin ɗaukar hoto mara matuƙi duk a wannan tsari suke, saboda haka nauyin gaba ɗaya yana komawa kan katin. GTX 1660 Super mai giga 6 ko RTX 3060 mai giga 12 suna wadatarwa. Amma kafin a sayi kati a buɗe murfin a karanta takardar da ke jikin akwatin wutar ciki. Z440 tana zuwa da mai wat 525 ko mai 700, T5810 kuma akwai mai 425 da mai 685. Ƙananan galibi ba su da wayar da ke ba katin wuta, manyan kuma fil shida suke bayarwa alhali katin yana neman takwas, sai an haɗa da adafta mai kauri. Adaftar da ke jan wuta daga wayar SATA a guje ta, ita ce ke narkewa. Kuma akwatin wutar nan na kamfanin ne shi kaɗai, ba a ɗauko na kasuwa a cusa, in ya ƙone sai an nemo irinsa.

RAM ita ce garaɓasar waɗannan na'urori. Giga 32 ya isa, amma a sa guda huɗu masu takwas-takwas maimakon biyu masu sha shida, domin hanyoyi huɗu furosesar take da su. Irin ta ECC mai rajista suke ɗauka, ba a gauraya ta da ta kwamfutar gida. Tsohon had disk mai juyawa kuwa a bar shi ma'ajiyar aikin da aka gama. A sa SSD irin NVMe a kan ƙaramin katin PCIe don manhaja da aikin da ake kai.

Sai wuta, wadda a ganinmu ita ce ke raba gardama a ƙasar nan. Z440 da RTX 3060 suna iya jan wat 300 zuwa 400 in aiki ya yi nauyi, ban da allo. Awa takwas a kan wat 350 ya kusa yunit uku, kuma a Afrilun 2024 yunit ɗaya a Band A ya haura naira 200. Wannan da sauƙi. Matsalar tana ga mai dogaro da inbata: batir biyu masu 200Ah ba za su kai shi yini ba, kuma inbata ko UPS da ba ta ba da tsaftatacciyar wuta takan sa akwatin wutar ya kashe kansa ana tsakar fitar da aiki. Ƙaramin janareta ma wutarsa tana hawa tana sauka. Mac mini M1 ta 2020, wadda ita ma yanzu ana samun tokumbonta, ba ta kai wat 40 ko an matsa mata. Wanda hasken rana ne wutarsa ya yi wannan lissafi da kyau. Sanyin Jos yana taimaka wa manyan, amma ƙurar hunturu tana toshe su, sai an riƙa hure su da bulowa.

Akwai kuma batun Windows. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, kuma Xeon E5 ba ta cikin jerin da Windows 11 ta amince da su. Ana ɗora ta ta bayan gida, tana kuma aiki, amma ba tabbas. Mai ɗan hali ya nemi HP Z4 G4 ta 2017 mai Xeon W, ita tana cikin jerin.

Ranar saye, ko a titin Ahmadu Bello ne ko a Banex ta Abuja, kada a tsaya ga takardar da aka manna a jiki. A je da filashi ɗauke da CPU-Z don ganin ainihin furosesa da RAM, da CrystalDiskInfo don lafiyar had disk, da HWiNFO don zafi. A ɗora bidiyon kyamararka, ba wanda mai shago ya tanada ba, a bar shi yana fitarwa minti ashirin. In zafin furosesa ya haura digiri 85, ko dai man da ke kanta ya bushe ko fanka ta gaji. A shiga BIOS a tabbatar tsohon kamfanin bai bar kalmar sirri ba. A nemi garantin ko da mako biyu a rubuce a kan rasit.

Ga mai aikin biki, wa'azi, tallace-tallace da fim mai dogon zango na YouTube a 1080p, ko 4K da aka yi wa ƙananan kwafi don sauƙin tacewa, Z440 ko T5810 da aka gyara haka za ta yi masa shekaru. Wanda kyamararsa ke ɗaukar 4K H.265 mai bit 10 a tsarin 4:2:2, irin Sony A7S III ko Canon R5, wannan hanya ba tasa ba ce, domin RTX 3060 ma ba ya warware wannan tsari. Core i5 ko i7 daga zubi na 11 zuwa sama, ko Mac mai M1, su ne nasa. Kuma duk lokacin da kuɗin na'ura da kati da SSD da UPS suka haɗu suka kusa kuɗin sabon haɗi mai Core i5 na zubi na 12, a bar tsohuwar a shagon.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Daga wasu masu gyaran kwamfuta da tace bidiyo,
Jos, Jihar Filato.