Amsa ga 'yata da aka zaunar a bencin baya

'Yata,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ke da yaron.

A taron matan da muka yi kwanakin baya kin miƙe gaban jama'a, muryarki na rawa, kika ce shekara huɗu rabonki da majami'a. Kin yi ciki ba aure, aka kira sunanki daga bagade ranar Lahadi, aka sa ki ƙarƙashin horo, aka nuna miki bencin baya, aka hana ki Jibin Ubangiji. Saurayin kuwa ba wanda ya ambaci sunansa, Lahadin da ta biyo ma yana tsaye cikin mawaƙa. Sai kika ce, "Mama, akwai ikilisiyar da za ta karɓi irina, ko in ci gaba da addu'ata a ɗaki?" Lokaci ya ƙure, na ce miki ki yi haƙuri, Allah na nan. Na koma gida abin yana cina, domin haƙurin ai kin riga kin yi shi. Ban san gidanku ba, shi ya sa nake amsa miki a fili, yadda kika tambaya a fili.

Abin da aka yi miki ba daidai ba ne. Ke da bakinki kin ce kin yi zunubi, ba zan yi miki gardama ba. Amma horo yana da tsari, yana kuma da ranar ƙarewa. A Matiyu sura 18, Yesu ya ce a fara da magana tsakanin mutum biyu, su kaɗai. Kai magana gaban ikilisiya shi ne matakin ƙarshe, ga wanda ya ƙi ji. Manzo Bulus, wanda ba a san shi da sassauci ba, ya rubuta wa Korintiyawa a wasiƙarsa ta biyu cewa hukuncin da aka yi wa wani mutum ya isa haka, su gafarta masa su ta'azantar da shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Ki kuma karanta Yohanna sura 8. Laifin zina na mutum biyu ne, mace kaɗai aka jawo tsakar fili, kuma Yesu ne ya tsaya mata.

Ni ma na san ɗacin nan. Lokacin da mijina ya tafi ya bar ni da yara uku, dattawan ikilisiyarmu ta wancan lokaci suka ce in ajiye zanen Zumuntar Mata har sai an daidaita. Shi ba a nemi inda yake ba. Na ninke zanen na sa a ƙasan akwati, na yi shekara biyu ina jin ƙararrawar Lahadi ina rufe taga. Yara na tura su makarantar Lahadi, ni ina ɗaki da Littafi Mai Tsarki. Allah ya ji addu'ata a ɗakin nan, haka yake jin taki, kada kowa ya gaya miki akasin haka. Sai dai ranar da autana ya kwanta rashin lafiya da tsakar dare, na gane ba ni da ƙofar da zan ƙwanƙwasa. Wannan ne ya fitar da ni.

Akwai ikilisiyar da za ta karɓe ki. Amma ba a allon da ke bakin ƙofa za ki gane ta ba. ECWA, COCIN, HEKAN, EYN, Anglikan, Baftis, Katolika, a ƙarƙashin kowane suna akwai majami'ar da za ki shiga ki ji sanyi a rai, akwai wadda za ki fito da hawaye, wani lokaci ma a unguwa ɗaya. Kada kuma tarbar ranar farko ta ruɗe ki. Ko'ina ana cewa baƙi su miƙe, a yi musu waƙa, a ba su hannu. Wannan abu ne mai sauƙi.

Bencin baya za ki duba. Idan an tashi sujada, wa ke zuwa ya gai da waɗanda ke zaune a can? Matar fasto tana tsayawa da su ko wucewa take? Ki tambayi wata tsohuwa a hankali yadda ake horo a nan: maza ma ana yi musu, har da 'ya'yan dattawa? Wata nawa ne, kuma wa ke ziyartar mutum a gida cikin watannin nan? Ranar da aka dawo da shi, ana murna ko kuwa sanarwa kawai ake karantawa tsakanin baiko da addu'ar rufewa? Ki lura da inda gwauruwa ke zama da inda mai babbar mota ke zama, domin Yakubu ya yi gargaɗi a kan wannan a sura ta biyu ta wasiƙarsa. Ki saurari wa'azi ma. Mai wa'azin da ke kawo misali da asirin wanda ya zo wurinsa neman shawara, ko bai faɗi suna ba, gobe naki zai kawo. Wanda kuma ya ce sai kin ba da kuɗi kafin a karya miki wata la'ana a kan yaronki, ki ɗauki jakarki ki fita. Yaron nan ba la'ananne ba ne.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne mun manta asalinmu. A ƙarshen shekarun 1930 'yan mishan na SIM suka fara aiki a wuraren jinyar masu cutar kuturta: Amanawa a ƙasar Sakkwato, Babbar Ruga kusa da Katsina, da Yadakunya kusa da Kano. Ki sake karanta sunan nan na ƙarshe. Mutanen da ake gudu, waɗanda ba a cin abinci da su a ƙwarya ɗaya, a can wasunsu suka fara jin bishara, wasu ma suka fita suka zama masu wa'azinta a ƙauyuka. 'Yan'uwanmu na EYN kuwa a gindin tsamiya suka yi sujadarsu ta farko a Garkida a 1923. A gindin itace babu bencin gaba balle na baya. Ikilisiyar da ta fito daga irin waɗannan wurare ba ta da hujjar ajiye kunya a wuyan yarinya ita kaɗai.

Kada ki yi gaggawa. Ki je Lahadi huɗu ko biyar ki zauna kawai, ba sai kin ba kowa labarinki ba. Idan akwai sujadar Hausa da ta Turanci, ki gwada duka, sau da yawa halinsu daban ne ko da rufinsu ɗaya. Ki leƙa addu'ar tsakiyar mako, inda mutane kaɗan ne, ba kwalliya, a nan ake ganin halin gida. In zuciyarki ta kwanta, sai ki nemi ganin fasto, ki tafi da mace babba da kika amince da ita. Mai yiwuwa ya nemi takarda daga tsohuwar ikilisiyarki, haka tsarin yake a wurare da dama. Ki gaya masa gaskiya duka, ki roƙe shi ya rubuta musu da kansa, ba sai kin koma kin tsaya gabansu ba. Yadda fuskarsa ta yi sa'ad da kika gama magana zai gaya miki sauran.

Ni a wata ƙaramar majami'a mai rufin kwano na samu wuri. Na shiga a makare, na nufi baya, sai wata tsohuwa ta kama gefen zanena, ta matsa, ta buɗe littafin waƙoƙinta a tsakaninmu. Wata uku ba ta tambaye ni ina mijina ba. Yanzu ta rasu, ni nake zama a wurinta, layi na uku ta ɓangaren mata. Matan da suka shirya taron nan sun san inda nake sujada. In kin ga dama ki tambaye su, ki zo da yaron, ƙarfe tara muke farawa.

Mamarki cikin Ubangiji