Wasiƙa zuwa ga Baba a kan hoton kwale-kwale

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya tare da Inna da Goggo da sauran mutanen gida, ina sanar da ku cewa ina nan lafiya a Ikko, karatu kuma yana tafiya, alhamdulillahi.

Dalilin wannan takarda shi ne maganar da Yaya Hadiza ta gaya mini a waya, wai ana yaɗawa a unguwa cewa na bar jami'a na koma sana'ar su, saboda hoton da aka gan ni cikin kwale-kwale riƙe da koma. Na kwana biyu raina a ɓace, domin na san ba don in zama abin zance a majalisa kuka sayar da bijimin nan kuka biya mini kuɗin rajista ba. Hoton nawa ne, amma a cikin darasi aka ɗauke shi, kuma malaminmu yana zaune a gaban kwale-kwalen.

Darasin na zangon nan a kan halittun teku ne, kuma ba ya yiwuwa a aji kaɗai. Kowace Alhamis da sassafe muna shiga tafkin Legas, ƙarƙashin doguwar gadar nan mai tsawon kusan kilomita 12 da aka buɗe a 1990, masuntan Makoko ne kuma suke tuƙa mu. Muna zura wani farin faifai ɗaure da igiya cikin ruwa har sai ya ɓace wa ido, mu auna igiyar, ta haka muke sanin daudar ruwan. Sannan mu auna gishirinsa. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, amma na tafkin ba ya tsayawa wuri ɗaya: da damina, idan kogin Ogun ya kawo ruwa, sai ya zama kusan ruwan daɗi har kainuwa ta rufe hanyar jirage, da rani kuma ruwan teku ya turo ciki ya kashe ta. Ranar da aka yi mana wannan bayani, ayar nan da kuka koya mana a zaure, ta ruwa biyu mai daɗi da mai zartsi, ita ta faɗo mini a rai.

Komar da aka gani a hannuna ma ba ta kama kifi, idanunta sun fi na rariyar tankaɗen Inna ƙanƙanta. Abin da ta tato muke kaiwa ɗakin gwaji, mu ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi mu leƙa ta madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Baba, a cikin ɗigon da ido yake gani garau na ƙirga halittu iri tara, wasu kamar sarƙar gilashi, wasu masu gashin baki suna tsalle kamar ƙuma. Su ne abincin ƙananan kifaye da jatan lande, kuma masu launin tsiro a cikinsu su ne suke samar da kusan rabin iskar oksijin da muke shaƙa a duniya, har da ku da kuke nesa da teku. Na fi rabin sa'a ban ɗaga kaina ba. Ina roƙonku ku karanta wa Kawu Sale wannan wurin, tunda shi ne yake kiran abin da nake yi karatun kifi.

Ranar farko jiri ya ɗan ɗebe ni, abokan karatuna suka yi ta dariya wai ɗan tudu ya ga ruwa, amma yanzu na saba. Kada a gaya wa Inna wannan. Kullum da rigar kariya nake shiga, ku tabbatar mata.

Na tura naira 20,000 ta asusun Yaya Hadiza, daga abin da nake samu ranar Asabar da Lahadi wajen rubuta wa Alhaji lissafin buhunan albasa a kasuwar Mile 12. A ba Inna 12,000 na maganin hawan jininta, a biya wa Nura 5,000 na makaranta, sauran 3,000 kuma na Goggo ne. Na san bai taka kara ya karya ba, kuma ina jin kunyar cewa sa'o'ina da suka tsaya a gona sun fi ni amfanar iyayensu a yau. Don Allah kada kuɗin ya bi ta hannun Kawu Sale, ko da ya ce aro zai yi zuwa ranar kasuwa, domin na watan jiya har yanzu bai dawo ba.

Na ji kuma Nura yana cewa zai biyo ni ya yi acaɓa. Ku hana shi. Tun 2022 aka haramta haya da babur a manyan sassan Legas, ana ƙwace baburan, kuma ɗakin da muke kwana a Idi-Araba mu biyar ne, babu wurin shimfiɗa tabarma ta shida. Ya tsaya ya gama sakandare.

A wata mai zuwa za a kai mu bakin teku sosai ta wajen Badagry, inda za mu yi nazarin kaguwa da itatuwan da suke tsirowa cikin ruwan gishiri, kuma kowa zai sayi dogon takalmin roba ya biya kuɗin mota. Ban faɗa don ku aiko ba, zan san yadda zan yi, kada a taɓa hatsin rumbu saboda ni. Idan an yi hutu zan zo da sakamakon jarrabawata ku gani da idonku, da kwalbar ruwan teku ga Goggo, tunda ta ce ba ta yarda akwai ruwan da ya fi na rijiyar bayan masallaci zartsi ba.

Maganin Inna dai a saya da zarar kuɗin ya shiga, kuma ta hannun Yaya Hadiza kaɗai. A gaishe mini da Malam Liman, a roƙa mini addu'arsa.

Ɗanku mai biyayya,
Auwalu