Wasiƙa daga Hafar al-Batin, Saudiyya

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya jikin Baba? Allah Ya ƙara sauƙi.

Na ga saƙonka na neman ruwan kam'a saboda idonsa. Hadisin da ka kawo ingantacce ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito shi daga Sa'idu bin Zaid, cewa ruwanta waraka ne ga ido. Sai dai yanzu ba kakarta ba ce, ba ta shigowa kasuwa sai wajen Janairu zuwa Maris.

Ita kam'a dangin naman kaza ce, amma a cikin ƙasa take girma, ba ganye ba saiwa, ka ce dankalin Turawa. Idan ruwan saman da ake kira wasmi ya sauka sosai tsakanin Oktoba da Disamba, to an dace. Makiyayan nan sun dage cewa tsawa ce ke haifar da ita, ni dai ba na musu da su. Da sassafe za ka gan su sun sunkuya suna duba inda ƙasa ta ɗan kumbura ta tsage, su tona a hankali. Farar, wato zubaidi, ta fi mai duhun, khalasi, tsada nesa ba kusa ba.

Maigidanmu ya sa rai sai ya noma ta, ni kuma aka ɗora wa aikin. Ba ita ake shukawa ba. Wani ɗan tsiro ne mai furen rawaya, raƙaruƙ, a jikin saiwarsa take rayuwa: ta jawo masa ruwa da sinadaran ƙasa, shi kuma ya ciyar da ita. Muna busar da kam'ar da ta nuna sosai, mu niƙa, mu dama garin da ruwa, mu zuba a gindin dashen da ke cikin leda. Sai siraran zarenta sun kama saiwa kafin a kai fili. Masanan Jami'ar Murcia a Sifen sun fara irin wannan gona a 1999, kuma sai da suka jira wajen shekara biyu kafin su ga ta farko. Namu filin shiru har yanzu, maigida kuwa kullum so yake a ƙara ban-ruwa, alhali abin daji ne, ba ya son lallashi.

Maganar ido, kada ka sayi 'yan kwalaben da ake tallatawa, ba ka san abin da aka ɗura ba. An yi bincike a Jordan, an ga ruwanta na hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa, amma a ɗakin gwaji ne. Idan yanar ido ce ta rufe idon Baba, aiki ake yi a cire ta. Don Allah ka kai shi likitan ido tun wuri.

Ɗanyar ba ta jure tafiya, amma zan aiko muku busasshiya ta hannun masu dawowa daga Umara, a sa wa Baba a miya.

Ka gaishe min da Inna da yara.

Naka amini.