A horar da jagororin sikawut kafin a ba su 'ya'yanmu

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 11 ya shiga 'yan sikawut, kuma na ji daɗi, don yanzu da kansa yake wanke kayansa. Sai dai fitarsu ta bara wajen Mirriya ta tayar min da hankali. Yara sun kusa talatin, jagora ɗaya tak, matashi mai kirki amma bai taɓa koyon agajin gaggawa ba. Da zafin rana ya kayar da wani yaro, jikinsa na rawa, leɓensa ya bushe, wata mai tallar fura ce ta jiƙa zanenta ta lulluɓe shi.

Ban ga laifin matashin ba, sa kai ya yi. Ƙungiyar sikawut ta duniya ta amince da manufar kare yara daga cutarwa tun 2017 a taronta na Baku, babban birnin Azarbaijan, ya kamata mu gani a ƙasa. A koya wa kowane jagora taimakon farko, a binciki halinsa wurin mai unguwa da liman, kuma kada babba ya keɓe da yaro shi kaɗai, musamman a zangon kwana. Damina na tafe, tafkunan Damagaram za su cika. Jagoran da bai iya ruwa ba kada ya kai yara bakinsu.

Naka,
Wani uba, unguwar Birni, Zinder