Kada a Yi Gaggawar Naɗa wa Alcaraz Rawanin Nadal

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan gida, na rubuto ne kan shirinku na wasanni na ranar Litinin, washegarin da aka kammala gasar tanis ta Roland Garros ta 2025 a birnin Faris. Na gode da kuka ba tanis 'yan mintuna, domin mun saba labarin cinikin 'yan ƙwallon Ingila ya cinye shirin ƙurmus. Sai dai mai gabatar da shirin ya yi wata magana da ban yarda da ita ba, cewa Carlos Alcaraz ya zama sabon sarkin filin jar ƙasa, wai ya gaji Rafael Nadal an gama. A ganina an yi azarɓaɓi, kuma ina roƙon ka ba ni fili in faɗi dalilina.

Ba raina yaron nake yi ba. Abin da ya yi ranar Lahadi 8 ga Yunin 2025 ya isa a jinjina masa. Jannik Sinner na Italiya, wanda shi ne na ɗaya a duniya a lokacin, ya cinye turmi biyun farko. A turmi na huɗu yana gaba da 5-3, kuma sau uku a jere maki ɗaya tak ya rage masa ya ɗaga kofi. Alcaraz ya tsallake duka ukun, ya farke, ya ja wasan zuwa turmi na biyar, ya ƙarasa shi da 10-2 a bugun raba gardama. Awa biyar da minti 29 suka kwashe suna gumurzu. Ba a taɓa wasan ƙarshe mai wannan tsawon ba a gasar, don wanda ya fi tsawo kafin nan shi ne na Mats Wilander da Guillermo Vilas a 1982, awa huɗu da minti 42. Kofinsa na biyu ke nan a Faris, bayan na 2024 da ya doke Alexander Zverev na Jamus. To biyu ke nan fa, Malam Edita, alhali 14 Nadal ya ajiye.

Mutum ba zai gane nauyin wannan 14 ba sai ya san irin ƙasar da ake wasan a kanta. Daga cikin manyan gasanni huɗu na shekara, Wimbledon a kan ciyawa ake yin ta, ta Ostireliya da ta Amurka a kan daɓe mai tauri, ta Faransa ce kaɗai a kan jar ƙasa. Kuma jan da ake gani a talabijin ba laka ba ce. A can ƙasa duwatsu ne da tsakuwa don ruwa ya riƙa tsiyayewa, sai burbushin ƙonannen kwal, sai farin dutse da aka niƙa aka daɓe, sannan a sama a barbaɗa garin jan bulo wanda kaurinsa bai wuce milimita biyu ba. Wannan ɗan garin shi ke sauya wasan gaba ɗaya. Idan ƙwallo ta sauka sai garin ya riƙe ta, gudunta ya ragu, ta yi tsalle sama. Bugun da a kan ciyawa zai wuce mutum fit kafin ya ɗaga raket, a nan abokin karawa zai cim masa ya mayar da shi, ka sake bugawa ya sake mayarwa, har a yi kai-komo ashirin ko talatin a kan maki guda. Ƙafa ma ba ta samun tsayawa cak. Tamkar mai gudu ne a kan daɓen da aka watsa wa rairayi, dole ya koyi sulɓewa, ya isa ga ƙwallo yana zamewa, ya buga, ya juyo ba tare da ya faɗi ba. Wanda bai tashi da wannan tun yana yaro ba, da wuya ya ƙware a kai da girma.

Ga kuma yanayi. Ranar da aka ƙwalla rana, ƙasar ta bushe, ƙwallo takan yi sauri ta yi tsalle har kafaɗa. Ranar da hadari ya haɗo aka yi yayyafi, sai ta sha danshi ta yi nauyi. Fili ɗaya ne, amma halinsa na ranar Talata daban da na ranar Juma'a. Shi ya sa za ka ga ma'aikata suna jan raga a kansa suna share layuka tsakanin turmi da turmi, suna kuma yayyafa masa ruwa. Wani abin da ke burge ni shi ne ƙwallo tana barin tambari a inda ta sauka. In gardama ta tashi, alƙalin wasa yakan sauko daga kujerarsa ya je ya duba da idonsa, ya nuna da yatsa. Sauran manyan gasannin uku duk sun koma ga na'ura wajen tantance layi, Wimbledon ma daga 2025 ta sallami masu tsaron layinta, amma Faransawa sun riƙe nasu.

A kan wannan ƙasar maza ke buga wasa bakwai cikin mako biyu, kowane wasa sai wanda ya fara cin turmi uku cikin biyar. Dubi manyan da ta kunyata. Pete Sampras ya ci manyan kofuna 14 a rayuwarsa, babu ko ɗaya na Faris, iyakarsa wasan kusa da na ƙarshe a 1996. Jimmy Connors bai ci ba. Boris Becker bai ci ba. John McEnroe ya ci turmi biyun farko a wasan ƙarshe na 1984, Ivan Lendl ya juyo ya kayar da shi, bai kuma sake kaiwa wannan matsayi ba. Stefan Edberg ya kai wasan ƙarshe a 1989, sai wani yaro ɗan shekara 17, Michael Chang, ya hana shi. Roger Federer da kansa sau ɗaya ya ɗaga kofin, a 2009, shekarar da wani ya riga ya kawar masa da Nadal daga hanya.

Kafin Nadal, wanda ya fi kowa a zamanin ƙwararru shi ne Bjorn Borg na Suwidin mai kofi shida, tsakanin 1974 da 1981, kuma mutane sun ɗauka shi ke nan an kai maƙura. Nadal ya zo a 2005, karonsa na farko a gasar, ya ci kofin kwana biyu bayan ya cika shekara 19. Daga nan ya riƙe wuta: huɗu a jere zuwa 2008, biyar a jere daga 2010 zuwa 2014, wasu huɗu a jere daga 2017 zuwa 2020, sannan na ƙarshe a 2022. Sau 14 ya kai wasan ƙarshe, sau 14 ya ci. A duk zuwansa Faris ya yi nasara a wasa 112, aka doke shi sau huɗu kacal, har ana iya lissafa su da yatsun hannu ɗaya: Robin Soderling a 2009, Novak Djokovic a 2015 da 2021, sai Zverev a 2024 lokacin da jiki ya riga ya gaji.

Ba kuma da ƙananan 'yan wasa ya yi zamani ba, wannan shi ne abin da ake yawan mantawa. Federer da Djokovic, mutanen da ake gardamar ko su ne suka fi kowa a tarihin tanis, su ne abokan karonsa. Sau shida ya haɗu da Federer a Faris, sau shida ya doke shi, a wasan ƙarshe na 2008 ma da ci 6-1, 6-3, 6-0, abin har da ban tausayi. Dabarar ba ɓoyayya ba ce. Nadal da hagu yake wasa, yana murɗa ƙwallo ta riƙa juyawa da tsananin gaske, in ta taɓa jar ƙasa sai ta zabura sama ta nufi ɓangaren hagun Federer, inda yake bugu da hannu ɗaya. Kowa ya san abin da zai yi, masu horarwa sun sani, Federer ya sani, aka rasa mai maganinsa. Djokovic kuwa sau goma suka haɗu a gasar, Nadal ya ci takwas. A 2020 annobar korona ta sa aka ɗage gasar zuwa ƙarshen Satumba da farkon Oktoba, ga sanyi ga danshi, ga sabuwar ƙwallo mai nauyi, masana suka ce yanayin bai dace da salon Nadal ba. Ya ci gasar ba tare da an ci shi turmi ko ɗaya ba, ya lallasa Djokovic 6-0, 6-2, 7-5. A 2022 kuma, yana ɗan shekara 36, sai da aka riƙa yi masa allurar kashe zafi a ƙafarsa ta hagu saboda wani daɗaɗɗen ciwon ƙashi, ya buga da ƙafar da ba ya jin ta sosai, ya doke Casper Ruud 6-3, 6-3, 6-0.

Na san abin da ya ja mai gabatarwar. Alcaraz da Nadal duka 'yan Sifaniya ne, kuma akwai wata daidaituwa mai ban mamaki: ranar da Alcaraz ya ci babban kofinsa na biyar yana da shekara 22 da wata ɗaya da kwana uku, daidai da shekarun Nadal ranar da ya ci nasa na biyar a Wimbledon ta 2008. Amma a duba yadda kofunan suka rabu. Huɗu daga cikin biyar na Nadal a lokacin na Faris ne. Na Alcaraz kuwa biyu Faris, biyu Wimbledon, ɗaya Amurka. Wannan yabo ne a gare shi, yana nuna ɗan wasa ne na kowane fili, wataƙila ma ya fi Nadal na wancan lokacin iya sauya salo. Sarautar jar ƙasa dai wata aba ce daban. Kafin ya kamo Nadal sai ya ƙara 12, wato ko da zai ci kowace shekara ba fashi tun daga 2026, sai 2037 zai kai, yana ɗan shekara 34, kuma Sinner ɗin da ya kusa ƙwace masa na 2025 ba inda zai je. A bar shi ya fara kamo Gustavo Kuerten na Burazil da Lendl da Wilander da Djokovic masu uku-uku, sannan ya hango Borg.

Tun da muna maganar zakarun Faris, da ma kun ambaci Yannick Noah ko da a gurguje ne, don masu sauraronku na Kamaru. Mahaifinsa Zacharie Noah ɗan ƙwallon ƙafa ne ɗan Kamaru, kuma a Yawunde Yannick ya tashi. A can Arthur Ashe, shahararren ɗan tanis na Amurka, ya gan shi yana wasa a 1971, yana ɗan shekara 11, ya yi masa hanyar zuwa Faransa samun horo. A 1983 ya doke Wilander ya ci Roland Garros, mahaifin ya diro cikin fili suka rungume juna. Har yau babu namijin da ya sake ci wa Faransa wannan kofi na ɗai-ɗai a gidanta.

Ƙorafina na biyu gajere ne amma ya fi ci mini rai. Shirin bai ce uffan ba game da mata. Ranar Asabar, kwana ɗaya kafin wasan Alcaraz, Coco Gauff ta Amurka, 'yar shekara 21, ta doke Aryna Sabalenka wadda ita ce ta ɗaya a duniya a lokacin, bayan ta rasa turmin farko. Tun nasarar Serena Williams a 2015 babu Ba'amurkiyar da ta ci gasar sai ita. Sabalenka kuma ita ce ta tsayar da Iga Swiatek ta Folan a wasan kusa da na ƙarshe, ita Swiatek da ke da kofi huɗu, uku daga ciki a jere daga 2022 zuwa 2024. Idan har ana neman wanda ya fi kusa da gadon Nadal a yau ta fuskar mamaye wannan fili, lissafi ya nuna ita ce, ba Alcaraz ba. Akwai kuma Lois Boisson, Bafaranshiyar da ta shigo gasar tana ta 361 a duniya ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Duk wannan bai samu ko minti ɗaya ba. Tarihin matan ma ba ƙarami ba ne. Chris Evert tana da kofi bakwai, Steffi Graf shida. Ana yawan ambaton wasa 81 da Nadal ya ci a jere a kan jar ƙasa daga 2005 zuwa 2007, amma Evert ta ci 125 a jere tsakanin 1973 da 1979. A wannan fili ne kuma Althea Gibson ta zama baƙar fata ta farko, mace ko namiji, da ta ci ɗaya daga cikin manyan gasannin huɗu, a 1956. Masu shirya gasar suna biyan zakaran maza da ta mata kuɗi daidai, Yuro miliyan 2.55 kowanne a 2025, duk da su ma sun sha suka kan cewa wasannin dare, lokacin da aka fi kallo, maza kaɗai suka ba wa a shekarar. Bai kamata mu ma mu ƙara da namu ba.

Ina roƙon a karanta wannan wasiƙa a shirin mako mai zuwa, ko da an taƙaita ta, a kuma ba mai gabatarwar dama ya kare matsayinsa in yana da hujja. Wimbledon za ta fara a ƙarshen watan Yuni, ina fatan za ku kawo mana sakamakon maza da na mata tare.

Allah Ya ƙara basira, Ya bar zumunci.

Naka,
Wani mai sauraro daga Kaduna