Mudu biyu gare ni, Baba Fasto

Baba Fasto,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kuna lafiya, ku da Mama da abokan aikinku na gidan rediyo. Shirinku ba ya wuce ni, ko tuwo nake tuƙawa rediyon na nan gefen murhu. Don Allah in za ku karanta wasiƙar nan kada ku kama sunana, ku ce wata 'yar Zumuntar Mata ce daga kudancin Kaduna.

Shekaruna 43, 'ya'yana 5, sana'ata awon hatsi. Nakan saro masara a Saminaka, dawa da wake kuma in saya a hannun manoman ƙauyukanmu. A majami'a ba a bar ni a baya ba. Ni ce mai buga tulu a zumunta, ba na fashin addu'ar safe, zakkata ba ta makara. Wanda ya gan ni ranar Lahadi da zanen zumunta zai ce wannan ta gama da duniya.

Makonni 3 da suka wuce fastonmu ya yi wa'azi a kan Markus 12:30, inda Yesu ya ce ka ƙaunaci Ubangiji Allahnka da dukan zuciyarka, da dukan ranka, da dukan hankalinka, da dukan ƙarfinka. Tun ina ajin baftisma na haddace ayar, amma ran nan kalmar "dukan" ta tsaya mini a maƙogwaro, ga shi har sau 4 ta fito. Fasto ya ce umarnin tsoho ne, tun Maimaitawar Shari'a 6:5, kuma Yesu bai rufe baki ba sai da ya haɗa shi da ƙaunar maƙwabci. Ana ta amin, ni kuwa hankalina ya tafi ƙarƙashin teburin rumfata.

Baba, mudu biyu gare ni a wurin. Na saye mai zurfi ne, an buga gindinsa ya turo waje. Na sayarwa an daki gindin ya shige ciki kaɗan, ido ba ya ganewa sai hannun da ya saba. Da can ba haka nake ba. A 2023 na fara, da aka cire tallafin man fetur kuɗin mota ya tashi, ribar buhu ta koma ta direba da 'yan dako. Na ce da kaina na ɗan lokaci ne. Yau ga inda muke.

Abin da ya hana ni barci ya faru ne bayan wa'azin da kwana 2. Wata gwauruwa 'yar ikilisiyarmu, tsohuwa, ta zo sayen masara mudu 2. Ta kwance haɓar zaninta tana warware kuɗin ɗaya bayan ɗaya, duk sun cukuikuye. Sai 'yata mai shekara 9 ta leƙa ƙarƙashin tebur ta ce da ƙarfi, "Mama, babban zan miƙo ko na mutane?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Tsohuwar ta yi kamar ba ta ji ba. Na auna mata da babban, na zuba gyara har hannu 2, ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata." Gara ma da zagina ta yi. Kuma ban taɓa zaunar da yarinyar na koya mata ba, da ido ta ɗauka.

Na gaya wa maigidana, ya ce kasuwa daban majami'a daban, ai ina fitar da zakka, Allah ya san halin da ake ciki. Mutumin kirki ne, amma maganar nan ba ta kwanta mini ba, don a Karin Magana 11:1 an ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji, ba a kuwa ce sai lokacin araha ba. Wata ƙawata ta ce in yi azumin kwana 3. Na yi, na yi kuka, ranar kasuwa na koma da mudun. Na kuma gwada mako guda da mudu ɗaya tak. Abin da na samu bai kai zubin adashi ba, balle kuɗin makarantar yara, sai na karaya.

To Baba, ku faɗa mini gaskiya ko da ɗaci. Ina ji a raina ina ƙaunar Allah. In muna waƙa hawaye nake yi, ba na ganin ido ba ne. Wannan ƙaunar ƙarya ce, ko kuwa ƙauna ce da ba ta cika mudu ba? Ana fara ta da rabi ta yi girma, ko sai an kawo ta duka a karɓa? Zakiyos, mai karɓar harajin nan da ya tuba a gaban Yesu, ya ce zai mayar wa wanda ya cuta ninki 4, ni kuwa yawancin waɗanda na auna wa ko fuskarsu ba zan tuna ba, wa zan mayar wa? Dole ne in je gaban dattawan ikilisiya, ko ya isa tsakanina da Allah da tsohuwar nan?

Lahadin farkon wata za a ba da Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu, kuma benci ɗaya muke zama da ita. In da hali ku amsa mini kafin ranar, don ban san ko in miƙa hannu ba.

Taku cikin Almasihu,
Wata 'yar zumunta