Zuwa Ga Uwata, A Kan Zanenki

Assalamu alaikum, Uwata.

Bayan gaisuwa, ya karatu, ya sanyin Zariya? Hotunan zanen da kike haɗawa na kammala digiri sun iso. Hannunki ya faɗa, ma sha Allah. Sai dai abu ɗaya ya tsaya mini a rai: duk fuskokin nan babu wadda na sani, kai ka ce daga waya kika kwaso mutanen Amurka.

Na gane wajen waɗanda kike koyo, masu zane baƙaƙen fata na Amurka, kuma gwanaye ne. Kerry James Marshall da gangan yake yi wa mutanensa launi baƙi wuluk, domin a manyan gidajen zane na Turawa da wuya ka ga baƙar fata a bango, in ba bawa ko bara ba a can gefe. Kehinde Wiley, wanda aka buɗe zanensa na Obama a 2018, yakan tsayar da samari a titi ya zana su da tsayuwar sarakunan Turai, har ya ɗora wani bisa doki irin na Napoleon. Ciwonsu ke nan, an share su daga bango suna mayar da kansu. Ke kuwa kin tashi a garin da sarki baƙi ne, alƙali baƙi, liman baƙi. In kika ari ciwon da bai taɓa ki ba, zanen zai yi kyau a ido amma ya fito fanko.

Mu ma muna da waɗanda aka share. Duba hotunan zamanin Turawa: sarakuna, dogarai, hawan daba. Ina mai dakan fura? Ina matan kulle masu saƙa da kaɗi? Ina bayin da suka noma gandaye, waɗanda sai a 1936 doka ta kammala soke bautarsu a Arewa, har yau ana yi wa jikokinsu gori lokacin neman aure? Wannan tarihinmu ne, ba ma son a taɓo shi, kuma ina ganin nan aikinki yake.

Ki duba Njideka Akunyili Crosby, ɗiyar marigayiya Dora Akunyili. Tana zaune a Amurka, amma falon gida take zanawa, tana liƙa hotunan danginta da na mujallun Najeriya a jikin bango da tufafi, duniya kuma ta karɓa. A nan Zariyar da kike, a 1958, Uche Okeke da Yusuf Grillo da abokansu, ɗaliban zane a lokacin, suka ƙi yarda su zama masu kwaikwayon Turawa kawai. Tun kafin su ma, a 1733, Ayuba Suleiman Diallo, Bafulatanin da aka sayar Amurka, ya dage a Ingila cewa sai dai a zana shi da tufafin ƙasarsu, Alƙur'ani rataye a wuyansa.

Maganar hukuncin zanen mai rai da kika tayar, ba zan yi miki fatawa ba. In kin dawo mu je wajen Malam tare, ki yi tambayarki da bakinki.

Hutun nan ki zo da kayan aikinki, ki zauna da Hajiya ta ba ki labarin kakanninta. Kada ki zana kowa sai da yardarsa, kuma ki nuna masa kafin kowa ya gani. Mamanki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.